Ruwan Gidan Kawu

Na karanta tarihin jamhuriyoyi da yawa, na kuma koyar da shi ga yaran da rabin hankalinsu ke wurin mai ƙosai a ƙofar lakwal, wato makarantar boko. Bayan duk wannan wahala na tsaya a kan ra'ayi ɗaya wanda ba na jin zan sauya: mulkin jama'a a ƙasar nan yana zaune ne a kan kwanon sha, irin na silba mai marfi, wanda gefensa ya ɗan lotsa. Masana suna iya musu. Ba sa nan ranar da abin ya faru.

Shekarun baya, ina koyarwa a nan Malanville, abokina ya shiga takarar ɗan majalisa, wato depite. Tare muka yi karatu, tare muka fara shan alli a aji. Ɗan gidan 'yan kasuwa ne, amma shi ko goro ka ba shi ya sayar sai ya dawo da asara da dogon bayani. Wata ƙaramar jam'iyya ce ta tsayar da shi, ina jin don sauran masu hankali sun ƙi.

Abin da yake so ya kai majalisa ba ɓoyayye ba ne, don ko a wurin jana'iza ka tsaya kusa da shi sai ka ji rabinsa. Yana so a riƙa dafa wa yara abinci a lakwal da rana, domin ya gaji da ganin aji ya watse da azahar ba ya sake cika. Yana so kowace gunduma ta sami ɗakin haihuwa da ungozoma, a daina ɗora mace mai naƙuda a bayan babur. Matan da ke turara shinkafa kuma, a ba su gonaki da sunansu a fadamar da gwamnati ke ba wa ruwa. Duk waɗannan mutane suna ji su gyaɗa kai, kamar yadda ake yi wa wa'azi.

Sai maganar burtali. Ga wanda bai sani ba, burtali hanyar shanu ce zuwa gulbi, tun kakanni aka bar ta ba a nomawa. Da albasa ta yi daraja, manoma suka riƙa gutsurarta, bana kunya ɗaya, baɗi biyu, har a wasu wurare ta koma faɗin tabarma. Abokina ya ce a auna ta, a kafa alama, a buɗe ta. A kan wannan ba a gyaɗa kai.

Ni ne mai gyara masa kalmomi. Na zuba musu Faransanci mai ƙamshi, har ni kaina in na karanta sai in ji ina son in zaɓe shi sau biyu.

Ƙauyen su mahaifiyata yana wajen Garu, kusa da gulbi, kuma tun rasuwar mahaifina ta koma can gidan ƙanenta, kawuna. Kawu manomin albasa ne, mai faɗa a ji, kuma gefen gonarsa ɗaya a kan burtalin yake zaune daram. A ranin da ya wuce shanu sun shiga wata gona a ƙauyen, aka yi faɗa, wani saurayi ya sami sara a hannu, sai da jandarma suka zo. Ƙauyen bai huce ba.

Na sami kawu a kasuwa, yana zaune a kan buhunansa, na roƙe shi ya tara mana mutane.

"Ka kawo shi," in ji shi. "Amma shi bar shanunshi gida."

Na isar da saƙon. Abokina ya ce zai duba. Ana gobe za mu tafi aka gayyace shi gidan rediyon gari, mai tambaya ya taɓo burtali, shi kuwa ya duba sosai, ya bayyana komai da Dandanci, yaren gari, ya maimaita da Hausa don kada wani ya ce bai gane ba. Ni ban ji shirin ba, ina gyaran jarrabawa. Sai a kan hanya, ina bayansa a babur, ya faɗa mini, da muryar mai ba da labarin ya sayi sabon takalmi.

Na ce mu juya. Ya ce an riga an shimfiɗa tabarmi.

An shimfiɗa kuwa. Bayan la'asar muka isa, dattawa na zaune a gindin bishiyar ƙofar masallaci, kawu a tsakiyarsu. Samari ba su zauna ba. Suna tsaye a baya, sun dawo daga lambu, kuma kowannensu ya manta bai ajiye ƙotar fartanyarsa a gida ba. Mata suna bayan zanar gidan kawu, ba ka ganin kowa sai motsin kallabi ta tsakanin kara.

A nan sai in yi bayani, tunda sana'ata ce. A wurinmu baƙo ba ya faɗin abin da ya kawo shi sai ya sha ruwa. Za a gaisa, a kawo ruwa daga gidan wanda ya karɓe shi, ya sha, sannan a ce masa me ke tafe da shi. Daga lokacin da ruwan ya wuce maƙogwaronsa har ya fita daga gari, yana wuyan mai gidan. Wanda ya taɓa shi ya taɓa mai gida. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, kuma ban taɓa jin an karya shi ba. In kuwa ba a kawo ruwan ba, to ba a kore ka ba, ba a kuma karɓe ka ba. Kai mutum ne kawai da ke zaune a kan tabarmar wasu.

Muka gaisa. Aka tambayi gajiya, muka ce babu. Aka tambayi gida, da yara, da aiki. Muka tambayi gulbi, aka ce ya ja baya. Muka tambayi albasa, aka ce da godiya. A daidai nan ruwa ya kamata ya fito. Bai fito ba.

Sai liman, mutumin kirki da ba ya son shiru, ya sake ɗauko gaisuwar daga farko. Ina gajiya. Ina gida. Muka sake amsawa kamar ba mu taɓa jin tambayoyin ba. Na dubi ƙofar gidan kawu, babu mai fitowa. Na dubi kawu, yana jan casbi yana kallon wani wuri a saman kaina.

Abokina ya raɗa mini da Faransanci, "In fara?"

"Kada ka buɗe baki," na ce masa.

Ɗan birni ne amma ya san ƙa'idar. Na ga zufa ta tsattsafo masa a ƙarƙashin hula.

Wani saurayi dogo ya bar 'yan'uwansa, ya taka a hankali zuwa inda muka jingine babur, ya hau ya zauna, ya ɗora ƙotarsa a kan cinya. Na gane shi. Ƙanen wanda aka sara ne, kuma ya taɓa zama a ajina kafin lambu ya janye shi.

"Mushe," ya ce mini, haka ake kiran malamin lakwal, "wanga babur shina cin albasa?"

"Mai yake sha," na ce.

"To madalla. Na zaci shi ma sai an buɗe mishi hanya zuwa gulbi."

Samarin suka yi dariya, gajeriya, ba ta kai ido ba. Dattawa ba su tsawata ba. Wannan ya fi dariyar tayar mini da hankali, don a ƙauyen nan yaro ba ya tari a gaban manya ba a harare shi ba. Na fara lissafin nisan da ke tsakaninmu da babbar hanya, na tuna takalman da ke ƙafata na zuwa aji ne, masu santsi.

Liman ya buɗe baki zai shiga zagaye na uku, sai zanar gidan kawu ta motsa.

Mahaifiyata ce. Ni ne ɗanta na fari, kuma ita ta tsohon zamani ce: tun da na yi wayo ban ji sunana a bakinta ba, ba ta kallona ido da ido, in tana son ta gaya mini magana sai ta gaya wa bango ko wani da ke kusa. Ba ta taɓa zuwa inda nake zaune cikin mutane ba. Ga ta nan ta ratso filin maza, lulluɓe har goshi, da kwanon sha a hannu biyu. Samarin suka dare, suka ba ta hanya. Ta durƙusa ta ajiye kwanon a gabana, fuskarta na wajen bishiya.

"A ce ma wancan shi sha," ta ce wa iska. "Leɓenshi ya bushe."

Ta miƙe ta koma, amma ba ta shiga ciki ba. Ta tsaya a bakin zana.

Ba wanda zai hana uwa ta ba ɗanta ruwa, ko da ƙanenta ne mai gida. Amma ruwan daga randar gidan kawu ya fito, kowa ya sani. Akwai kuma wata ƙa'idar da kowa ya sani: in ka zo da baƙo aka miƙo maka ruwa, shi kake fara ba.

Kawu ya daina jan casbi.

"Ɗan yaya," ya ce a hankali. "Sha ka maida kwano."

Na buɗe marfin. Ruwan randa ne mai sanyi, har da ƙamshin turaren da take yi wa tukunya. Hanya biyu ce a gabana, kuma duk mutanen da ke wurin suna ganinsu kamar yadda nake gani. In na sha na mayar, ni na tsira, na zama ɗan gida, abokina ya rage shi kaɗai a kan tabarma da mutanen da suka ji shi a rediyo. In na miƙa masa, na ɗora wa kawu kayan da ya ƙi ɗauka a gaban jama'arsa, kuma a ƙarƙashin rufinsa mahaifiyata ke kwana.

Ina so in ce muku a wannan lokaci wata babbar magana daga littattafan da na karanta ta zo ta tsaya mini. Babu wadda ta zo. Abin da na sani kawai kwanon ya karkace, ruwa ya zuba mini a wando a wurin da bai dace ba, kuma na ji ina juyawa hagu.

"Bisimilla," na ce wa abokina.

Ya karɓa. Ya dubi kawu, kawu bai dube shi ba. Ya kafa kai. Mai ladabi kurɓa biyu yake yi ya rage wa na kusa, amma shi tsoro da ƙishi sun haɗu masa, sai da ya ga gindin kwanon. Ya ce alhamdu lillahi, ya ajiye shi a kan tabarma, ya kife marfin. Ƙarar marfin ita kaɗai aka ji a filin.

Samarin suka matso. Ba gudu ba, taku ɗaya ne, amma tare suka yi shi.

Kawu ya tura casbinsa cikin aljihu. Sannan ya dafa sandarsa ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara, ya tako ya zauna a kan tabarmarmu, kafaɗarsa na gogar ta abokina. Ya ajiye sandar a gabansa a gicciye.

"Wanga mutum ya sha ruwan gidana," ya ce. "Ba ni na ba shi ba, amma ya sha." Ya ɗaga kai wajen saurayin da ke kan babur. "Sauka."

"Baba, hannun yayana fa?"

"Na ga hannun yayanka. Ni na kai shi likita bisa amalankena, kana baya kana kuka. Sauka."

Ya sauka. Bai koma baya ba, amma ya sauka.

Kawu ya juya ga abokina, kamar yanzu ya gan shi. "To, baƙo. Mi ke tafe da kai?"

Abokina ya fara da abincin lakwal. Wani tsoho ya tambaya ko da nama, aka ce masa shinkafa da wake ne, ya ce to a rubuta shi aji ɗaya. Wasu suka murmusa. Da ya zo kan ɗakin haihuwa ba wanda ya yi wasa, domin babu gidan da bai san hanyar kai mai naƙuda asibiti ba da damina. Da ya ce a ba mata gonaki da sunansu, wani magidanci ya ce, "In ta tafi gona wa za ya yi tuwo?" Daga bayan zana wata murya ta ce, "Wadda ta saba yi bayan ta dawo daga taka gonar." Ba a gane mai muryar ba, amma magidancin ya gane, don bai ƙara magana ba.

A nan na ja gefen rigar abokina. An ci riba, a tashi. Ya zare rigarsa daga hannuna ba tare da ya dube ni ba.

"Saura ɗaya," ya ce. "Kun ji ta a rediyo, bai kamata in zo gabanku in yi kamar ban faɗa ba."

Ya ce saniya dole ta sha ruwa, in ba a bar mata hanya ba za ta yi wa kanta, kuma ta cikin albasa za ta yi. Ya ce hannun da aka sara bara, in ba a gyara ba, baɗi wuya ne, kuma ba wanda ya san na wa. Ya ce ba Fulani yake wa aiki ba, so yake a daina kiran jandarma.

"Gonata na bisa burtalin," in ji kawu. "Ka sani?"

"Na sani, Baba."

"Sai a tumɓuke ta."

"Sai a auna. Wanda abin ya ci gonarsa a ba shi madadi a fadama."

"Wa za ya ba shi?"

"Zan yi ta faɗa a majalisa har a ba shi."

"Faɗa," kawu ya maimaita, kamar yana ɗanɗana miyar da ba gishiri.

Sai wani hoge ya taso daga bayan samari. Ban ga hannun da ya jefo shi ba. Ya wuce kunnen abokina ya sauka a kan kwanon, marfin ya yi tsalle ya gangara cikin ƙasa yana juyi. Jifa na farko shi ne mai wuya, na biyu ba ya buƙatar shawara.

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya dubi kwanon, ya dubi samarin ɗaya bayan ɗaya.

"Kwanon yayata ne," ya ce. "Da shi anka kai ta ɗaki. Wanda ya jefe shi shi zo shi ɗauka."

Ba wanda ya fito. Daga ƙarshe dogon saurayin nan, wanda na tabbata ba shi ya yi jifan ba don ina kallonsa, ya jingine ƙotarsa a bishiya, ya tsuguna ya ɗauki kwanon da marfin, ya goge da gefen rigarsa, ya kai wa mahaifiyata a bakin zana. Ta karɓa ta shige. Liman ya ga ƙofa ta buɗe, ya ɗaga hannu ya ja fatiha da saurin da ban taɓa jin ya yi ba.

Kawu ya raka mu. Tunda mai gida a ƙasa yake tafiya, ba mu hau ba, muka tura babur ta tsakiyar lambuna, samarin na biye da mu daga nesa. Muka wuce gonarsa, albasa ta yi kore shar, ga sawun shanu a ɗan siririn wurin da ya rage. A wata tsamiya da ke iyakar gari ya tsaya.

"Nan ruwana ya ƙare," ya ce wa abokina. "Hau. Kuma ba ni zaɓenka, kada ka yi zato."

"Na sani, Baba. Na gode da ruwa."

"Ba ni za ka gode ma ba." Sannan ya juyo gare ni, ya dube ni daga hula har jiƙaƙƙen wando. "Shi ya sha. Kai ko ba ka sha ba, ka tuna."

Babur ɗin, Allah ya yi masa albarka, bugu ɗaya ya tashi.

Kawu bai amsa gaisuwata ba har aka cire albasar wannan shekara aka dasa wata. In na je rumfarsa a kasuwa sai ya shiga ciniki da wanda bai zo saye ba. Mahaifiyata kuwa, na sami labari, bai ce mata uffan ba, don yayarsa ce, ta goya shi. A wurin wani suna muka shirya. Ina zaune a gefe, ya turo mini kwano da ƙafar sandarsa ya ce, "Sha da kanka wannan karon, ba ka da baƙo."

Abokina ya faɗi zaɓe, faɗuwa mai tsabta wadda ba ta buƙatar zuwa kotu. Ya koma aji. Wasu daga cikin abubuwan da ya yi ta faɗa sun zo daga baya ta hannun waɗansu, da sunan waɗansu, kuma in ka tuna masa sai ya ce shi dai yara suna ci. Maganar burtali har yau ana yinta.

Nakan tuna ranar in na ji ana gardamar siyasa a rediyo, kowa na kiran ɗan'uwansa maƙiyi. Kawu bai yarda da kalma ɗaya ta maganar burtali ba, gonarsa ake nufi, amma ya sa kafaɗarsa a jikin mai faɗinta har ya gama. Na shekara ina koya wa yara 'yancin faɗin ra'ayi a allo, ban taɓa ganinsa da ƙafafu ba sai ran nan. Har yanzu in na ɗaga marfin kwanon sha a gidan mutane nakan ji hannuna ya ɗan yi nauyi.

Na daɗe ina son in san abin da ke ran mahaifiyata da ta ratso filin nan. Na gina bayani iri-iri: ɗakin haihuwa ne ya taɓa ta, don ta rasa ƙanwa a wannan hanya; ko gonar mata ce; ko ta hango jini ta tare shi da dabarar da mu masu karatu ba mu da ita. Da na kasa haƙuri na sa matata ta tambaye ta. Ta ce, "Ki ce mishi rana ce ta yi yawa."

Ba ta jefa ƙuri'a ba. Zaɓen ya faɗo ranar Lahadi, ta kai shinkafa kasuwa.